Sharhi kan rediyon sola mai ɗauke da darussan rayuwar Timoti

A shagunan da ke sayar da littattafan Kirista a garin Zuru akwai wani kaya da ya soma samun kasuwa, wato ƙaramin rediyo mai caji da hasken rana, wanda ake sayarwa tare da katin memori mai ɗauke da Sabon Alkawari cikin Hausa da kuma jerin darussa goma sha biyu a kan rayuwar Timoti, abokin tafiyar manzo Bulus. Masu sayensa galibi fastocin karkara ne da masu bishara da shugabannin Zumuntar Mata daga Dabai da Ribah da Mahuta da sauran garuruwan masarautar, domin da Hausa ake sujada a yawancin majami'un wannan yanki, kuma a cikin masu zuwa sujadar akwai dattawa da dama waɗanda sauraro ya fi musu karatu sauƙi. Na saurari darussan daga farko har ƙarshe, na kuma yi aiki da su a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na manya. Abin da na gani shi ne kayan ya cancanci kuɗinsa, amma bai dace a miƙa shi ga ikkilisiya ba tare da wani mai iya buɗe Littafi ya bi sawunsa ba, saboda masu shirya shi ba su raba abin da Nassi ya faɗa da abin da aka ruwaito daga baya ba.

Ta fuskar na'urar kanta babu dogon bayani. Ana riƙe ta da hannu ɗaya, tana da farantin sola a bayanta da batirin da ake iya cirewa a sauya, kuma sautinta yana cika ɗakin karatu ko ƙaramar majami'a, sai dai ba ya yin komai idan ruwa na sauka a kan rufin kwano. Cajin rana yana ɗaukar lokaci, musamman a tsakiyar damina da kwanakin hazo, don haka wanda yake da inda zai sa ta a wuta ya fi more ta. Babbar matsalarta ita ce idan aka kashe ta a tsakiyar darasi, sai ta koma farkonsa, kuma babu hanyar tsallakawa kai tsaye zuwa wata sura ko aya sai an yi ta danna maɓallin gaba. Rubutun da ke kan maɓallan ƙanana ne ƙwarai, tsofaffi ba sa ganinsu.

Darajar kayan tana cikin darussan, kuma kafin a auna su ya kamata a san wahalar aikin da masu shirya su suka ɗauka. Babu wani wuri guda a Sabon Alkawari da aka ba da labarin Timoti daga farko zuwa ƙarshe. Sunansa yana fitowa ne jifa-jifa, ayoyi kaɗan a Ayyukan Manzanni, gaisuwa a ƙarshen wasiƙar Romawa, yabo a tsakiyar Filibiyawa, layi ɗaya a ƙarshen Ibraniyawa, sannan wasiƙu biyu da aka rubuta masa, waɗanda ba mu da amsarsa a kansu. Sunansa yana tare da na Bulus a buɗewar wasiƙu shida, wato Korintiyawa ta biyu da Filibiyawa da Kolosiyawa da Tasalonikawa ta fari da ta biyu da Filimon, amma duk da haka babu jimla ɗaya da aka ruwaito daga bakinsa. Mutumin da ya bi karatun Sabon Alkawari littafi bayan littafi zai iya wuce shi sau da yawa ba tare da ya lura cewa mutum ɗaya ne ake ta ambata ba. Abin da darussan nan suka yi shi ne tsinto waɗannan ayoyi, a jera su bisa yadda al'amura suka biyo juna, a karanta kowace a faɗi inda take, sannan malami ya yi bayani. Wannan tsari shi kaɗai ya isa a yaba musu, domin aiki ne da ba kowane mai bishara ke da littattafan da zai yi shi da kansa ba.

Darussa uku na farko suna kan Listira, garin Timoti, wanda kufansa yake a ƙasar Turkiyya ta yau, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Konya, wanda shi ne Ikoniya ta wancan zamani. Malamin ya yi daidai da ya fara daga sura ta 14 ta Ayyukan Manzanni maimakon ta 16 inda aka fara ambaton Timoti. A zuwan Bulus da Barnaba na farko ne aka warkar da gurgu a garin, mutane suka ɗaga murya da harshen Likoniya suna cewa alloli sun sauko, firist na gunkin Zafsa ya kawo bijimai domin a yi musu hadaya, sannan ba da jimawa ba waɗansu suka zo daga Antakiya da Ikoniya suka juya hankalin taron, aka jajjefi Bulus aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Darasin ya haɗa wannan da wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, sura ta 3, inda aka tuna masa tsanantawar da ta faru a Antakiya da Ikoniya da Listira a matsayin abin da ya sani, kuma malamin ya yi taka-tsantsan ya ce mai yiwuwa ne saurayin ya ga jifan da idonsa, bai ce tabbas ya gani ba. Masu sauraro a ajinmu ba su sha wahalar gane irin garin ba, domin Listira wuri ne da mutane ke da harshensu na gida amma wa'azi ya zo musu da Helenanci, kamar yadda a nan mutum zai yi C'lela da iyalinsa ya je majami'a ya yi waƙa da Hausa.

Batun gidan da ya taso a ciki shi ne ya fi jan hankalin mata. Mahaifiyarsa Afiniki Bayahudiya ce mai bi, mahaifinsa Bahelene ne, kakarsa Loyis ita ma an shaide ta da bangaskiya, kuma an ce tun yana ɗan yaro ya san Littattafai masu tsarki. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta tsayar da rediyon ta ce, “Malam, shin uban yaron nan bai ce komai ba da aka tafi da ɗansa?” Tambaya ce mai kyau, kuma Nassi bai amsa ta ba. Darasin ya kawo ra'ayin waɗanda suke ganin mahaifin ya riga ya rasu, ya kuma bayyana cewa ra'ayi ne kawai. Da a ce sun riƙe wannan ɗabi'a har ƙarshen jerin, da sharhin nan yabo ne zalla.

Bayanin da suka yi kan kaciyar Timoti shi ne mafi inganci a sashen farko, kuma wuri ne da na sha jin masu wa'azi suna kauce masa. Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu manzanni da dattawa sun zauna a Urushalima suka yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai masu bi nauyin kaciya ba, kuma wannan hukunci ne Bulus yake ɗauke da shi gari gari a daidai tafiyar da ya ɗauki Timoti. Duk da haka ya yi masa kaciya, alhali a wasiƙar Galatiyawa ya faɗa cewa ba a tilasta wa Titus, wani abokin aikinsa, yin ta ba. Malamin ya warware wannan da kyau. Titus Bahelene ne ta uwa da uba, kuma waɗanda suka nemi a yi masa kaciya sun mai da ita sharaɗin samun ceto, don haka amincewa da su rushe bishara ne. Timoti kuwa ɗan Bayahudiya ne wanda kowa a yankin ya san ubansa Bahelene ne, kuma tun da al'adar Bulus ce ya fara wa'azi a majami'ar Yahudawa duk garin da ya shiga, abokin tafiya irin wannan zai zama abin tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. An yi wannan bayani cikin Hausa mai sauƙi, ba a yi gaggawa ba, kuma ba a ci mutuncin kowa ba.

Daga darasi na huɗu zuwa na bakwai ne aka bi shekarun da Timoti ya yi yana ɗan aike, kuma a ganina nan ne jerin ya fi ƙarfi, domin ya nuna cewa aikin manzo ba ya tsayawa sai da wanda za a aika ya je ya dawo. Bayan Bulus ya rabu da Barnaba a kan batun Yahaya Markus ya ɗauki Sila, su uku har da Timoti suka bi ta Taruwasa suka haye teku zuwa Makidoniya. A Filibi aka yi wa Bulus da Sila bulala aka kulle su, a Tasalonika aka ta da tarzoma aka kai farmaki gidan Yason, a Biriya ma masu tarzomar suka biyo su, har 'yan'uwa suka fitar da Bulus zuwa Atina, Sila da Timoti suka tsaya a baya. Bulus ya damu da sabbin masu bi na Tasalonika waɗanda ya bari cikin tsanani, shi kuma ba shi da halin komawa, sai ya aiki Timoti ya ƙarfafa su. Tsakanin Atina da Tasalonika kusan kilomita 500 ne ta ƙasa. Ya je, ya dawo ya sami Bulus a Koranti da labari mai daɗi, kuma wannan labari ne ya haifar da wasiƙar Tasalonikawa ta fari, wadda malamai da yawa suke ɗauka ita ce mafi daɗewa a cikin wasiƙun Bulus da muke da su. Darasin bai ɓoye cewa Ayyukan Manzanni da wasiƙar ba su ba da wannan zirga-zirga iri ɗaya ba, tun da littafin bai ambaci zuwan Timoti Atina ba. Ya kawo hanyar da aka saba daidaita su, cewa ya iso Atina ne aka sake mayar da shi Makidoniya, ya kuma faɗa cewa daidaitawa ce.

Abubuwa biyu ne suka rage wa wannan sashe armashi. Babu taswira ko da ta takarda ɗaya a cikin kwalin, kuma mai sauraro da ake jera masa Filibi da Tasalonika da Biriya da Atina da Koranti a cikin minti biyar ba zai san wanne ne arewa wanne ne kudu ba, balle ya ji nauyin tafiyar a jikinsa. Sannan babu shekara ko ɗaya da aka ambata a duk tsawon tafiye-tafiyen, alhali a nan ne tarihin Bulus ya fi samun madogara mai ƙarfi. An gurfanar da shi a Koranti gaban Galiyo, mai mulkin Akaya, kuma wani rubutu a kan dutse da aka gano a Delfi ta ƙasar Girka, mai ɗauke da wasiƙar sarki Kalaudiyas, ya sa an san cewa Galiyo ya riƙe wannan muƙami wajen shekara ta 51 zuwa 52. Tun da Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a Koranti, ana iya lissafawa baya a gane cewa Timoti ya bar gida wajen shekara ta 49 ko 50. Jimla biyu sun isa a faɗi wannan, kuma da an faɗa, da an kauce wa kuskuren da ya biyo baya.

Kuskuren shi ne muryar da aka ba Timoti. A tsakanin karatu da bayani akwai 'yan gajerun wasanni na kwaikwayo, kuma a cikinsu duka, daga Listira har Afisa, muryar ƙaramin yaro mai rawar baki ce take magana a madadinsa, kullum yana cewa yana jin tsoro. Na fahimci inda suka samo wannan. An ce masa kada ya bari kowa ya raina ƙuruciyarsa, an tuna masa cewa Allah bai ba mu ruhun tsoro ba, an roƙi Korintiyawa su karɓe shi yadda zai zauna cikinsu ba tare da fargaba ba, an kuma ambaci yawan laulayinsa. Amma a ɗora dukan halin mutum a kan waɗannan ayoyi huɗu rashin adalci ne gare shi. Wanda aka aika garin da aka kori maigidansa da tarzoma, ya shiga ya fita da cikakken rahoto, ba matsoraci ba ne. Wanda Bulus ya shaida wa Filibiyawa cewa ba shi da wani kamarsa mai kula da su tsakani da Allah, kuma ya yi bauta tare da shi kamar ɗa da mahaifinsa, mutum ne da aka riga aka gwada. Ibraniyawa 13:23 kuma ta ce an sake shi, abin da yawancin masu fassara suka ɗauka a kan cewa ya sha ɗauri. Ban da haka, idan aka bi lissafin da aka saba, wasiƙar farko ta same shi a Afisa fiye da shekara goma bayan barinsa Listira. Matasan ajinmu sun yi ta dariyar muryar, kuma dariyar ta cinye rabin darasin.

Sun kuma wuce batun Koranti da sauri fiye da yadda ya kamata. Daga Afisa, inda Bulus ya yi kusan shekara uku, ya aiki Timoti zuwa ikkilisiyar da ta rarrabu gida-gida, domin ya tuna musu koyarwarsa. Darasin ya faɗi aiken ya tsaya nan, kamar komai ya daidaita. Wanda ya karanta Korintiyawa ta biyu zai ga rikicin ya ci gaba, har Bulus ya kai musu ziyara mai ɗaci ya rubuta musu wasiƙa cikin hawaye, kuma Titus ne daga baya ya kawo labarin cewa sun tuba. Nassi bai ce Timoti ya kasa ba, kuma ni ma ban ce ba, amma a fili yake cewa ba ta hannunsa aka kashe wutar ba, kuma hakan bai rage masa matsayi a wurin Bulus ba, tun da sunansa ne a buɗewar wasiƙar, kuma yana cikin waɗanda suka raka shi a tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Urushalima. Ga mai bishara da aka tura wata ikkilisiya ya yi iyakar ƙoƙarinsa rigima ba ta kwanta ba, wannan sashe ya fi kowane yabo amfani, amma an bar shi.

Darussa na takwas zuwa na goma suna kan wasiƙar farko, wato lokacin da aka bar Timoti a Afisa ya tsawata wa masu koyar da wata koyarwa dabam ya kuma tsara al'amuran ikkilisiya. Waɗannan su ne zan ba kowane kwamitin dattawa shawarar su zauna su saurara tare. An bi sharuɗɗan mai kula da ikkilisiya da na masu hidima ɗaya bayan ɗaya, an tsaya a kan cewa kada ya zama sabon tuba, kuma ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba masu bi ba, wanda a garin da Kirista da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya ke cin kasuwa ɗaya ba ƙaramin sharaɗi ba ne. An yi bayanin ƙa'idar cewa kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, da umarnin cewa kada saurayin shugaba ya tsauta wa tsoho sai dai ya roƙe shi kamar uba. Mafi nauyi shi ne sashen matan da mazansu suka rasu, inda wasiƙar ta ce a rubuta sunan wadda ba ta gaza shekara 60 ba, ta kuma ɗora wa 'ya'ya da jikoki alhakin kula da nasu domin ikkilisiya ta sami damar taimakon waɗanda ba su da kowa. Malamin bai mai da shekara 60 ta zama dalilin korar kowa ba, ya nuna cewa manufar ita ce a san wanda ke da mai tallafa masa da wanda ba shi da shi. Ikkilisiyoyin da suka karɓi waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a wajen Danko da Wasagu suna fuskantar wannan tambaya kowane mako, da baiko ɗan kaɗan a hannunsu.

Ayar da aka shawarci Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa ta cinye kusan rabin darasi, yawancinsa gargaɗi a kan burkutu. Na san dalilin, kuma gargaɗin ba laifi ba ne, amma an ba shi lokacin da ya kamata a ba sura ta 6, wadda take magana a kan masu mai da ibada hanyar samun riba, aka taƙaita ta cikin 'yan mintuna.

Darasi na goma sha ɗaya, a kan wasiƙa ta biyu, an karanta shi da murya mai kyau kuma yana ratsa jiki. Bulus yana ɗaure a Roma, Dimas ya yashe shi, Luka ne kaɗai tare da shi, yana roƙon Timoti ya zo da sauri, ya taho da Markus, ya biya ta Taruwasa ya karɓo alkyabbar da ya bari wurin Karbus tare da littattafai da fatun rubutu, kuma ya yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi. An bayyana dalilin wannan gaggawa daidai, cewa jiragen ruwa a Bahar Rum sukan daina tafiya daga wajen Nuwamba har zuwa Maris saboda haɗarin teku, don haka wanda ya makara sai ya jira watanni. Sai dai a nan ne jerin ya fara sakin hanya. Wasan kwaikwayon da ya rufe darasin ya nuna Timoti ya iso kurkuku, ya lulluɓa wa Bulus alkyabbar, sun yi bankwana. Babu inda aka rubuta cewa ya iso kafin a kashe Bulus a zamanin sarki Nero, kuma ba a gaya wa mai sauraro cewa wannan ƙirƙira ce ba. Muryar da ta karanta ayoyin ita ce ta gabatar da wasan, da kiɗa iri ɗaya a bayansu.

Darasin ƙarshe ya fi wannan matsala. An ba da labarin cewa Timoti ya zama bishop na farko a Afisa, ya rayu har ya kai shekara 80, sannan a shekara ta 97 ya fita ya tsawata wa masu jerin gwanon bikin gumaka, suka yi masa duka da kulake da jifa har ya mutu. Wannan labari sananne ne a tarihin ikkilisiya, kuma babu laifi a ba da shi, amma babu ko ɗaya daga cikinsa a Sabon Alkawari. Maganar cewa shi ne bishop na farko a Afisa ta fito ne daga Yusebiyus na Kaisariya, wanda ya rubuta tarihin ikkilisiya a farkon ƙarni na 4, fiye da shekara 200 bayan zamanin Timoti. Labarin kisan kuma daga wani rubutu ne da ake kira Ayyukan Timoti, wanda shi ma an rubuta shi ƙarnoni bayan abin da yake bayarwa, ya kuma sa mutuwar a zamanin sarki Nerva, wanda ya yi mulki daga 96 zuwa 98. Abin da ya biyo baya ya fi samun shaida: a shekara ta 356 aka kai ƙasusuwan da ake danganta masa Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, kuma a 1945 aka gano waɗanda ake ɗauka su ne a babbar majami'ar garin Termoli a Italiya. 'Yan Katolika suna tunawa da shi tare da Titus ranar 26 ga Janairu. Duk wannan za a iya faɗa cikin gaskiya idan aka fara da cewa daga nan Nassi ya yi shiru, ga abin da magabata suka ruwaito. Ba a yi hakan ba, kuma masu shirya darasin ba su ma duba lissafinsu ba, domin wanda ya mutu a 97 yana da shekara 80 an haife shi ne a shekara ta 17, ke nan ya haura talatin lokacin da ya bar Listira, kuma ya doshi hamsin lokacin da ake ce masa kada a raina ƙuruciyarsa. Ba zai yiwu a riƙe wannan adadi a kuma riƙe muryar ƙaramin yaro a jeri guda ba.

Dalilin da ya sa na nauyaya wannan shi ne irin mutanen da aka yi kayan dominsu. Mai karatu yana iya buɗe Littafinsa ya nemi ayar ya rasa, ya gane an fita daga Nassi. Tsohuwar da take sauraro a tsakar gida ba ta da wannan dama, duk abin da ya fito daga rediyon da ke karanta mata Maganar Allah, Maganar Allah ce a wurinta. Na riga na ji wani yana kafa hujja da mutuwar Timoti a Afisa yana cewa haka Littafi ya faɗa. Game da muhawarar da malamai suke yi tun farkon ƙarni na 19 a kan ko Bulus ne ya rubuta wasiƙun Timoti da Titus da kansa ko wani almajirinsa ne ya rubuta daga baya, darussan ba su taɓo ta ba, kuma ban ga laifinsu a nan ba, tun da ba don ɗaliban makarantar tauhidi aka yi su ba, sai dai fasto da ke da matasa masu bincike a intanet ya kwana da shirin za a yi masa tambayar.

Shagon da na saya ya yi mini hidima yadda ya kamata. Mai shagon yana kunna na'urar a gaban mai saye, yana sauya wadda ta ƙi caji idan aka dawo da ita da wuri, kuma farashin bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. Wanda yake da rediyo mai memori ko waya yana iya biyan kuɗi kaɗan a tura masa darussan kawai, kuma ga mai zama a gari wannan ya fi sauƙi, domin a waya ana iya zaɓar darasin da ake so a kuma ci gaba daga inda aka tsaya. Sai dai a katunan da ake kwafa a shago darussan sukan zo a hargitse, na goma ya riga na biyu, wanda ga jerin da duk amfaninsa yake cikin bin tsari ba ƙaramar illa ba ce, don haka a nemi a kunna farkon kowane darasi kafin a biya. Wanda zai jagoranci aji da shi kuma ya tanadi Littafi Mai Tsarki mai taswirar tafiye-tafiyen Bulus a bayansa, ya saurari darasi na goma sha ɗaya da na goma sha biyu shi kaɗai tukuna, ya san daidai inda zai tsayar da rediyon ya gaya wa jama'a cewa abin da ke biye ruwaya ce ta bayan zamanin manzanni.